KWAIKWAYON ƊURA ISKAR KABON CIKIN DUWATSUN ƘARƘASHIN ƘASA TA HANYAR KWAMFUTA: ABIN DA ƘASAR FUNTUWA DA MALUMFASHI KE KOYA MANA

1.0 GABATARWA

Wata rana ina cikin koyar da darasi a kan sauyin yanayi, sai wani ɗalibi mutumin ƙasar Malumfashi ya ɗaga hannu ya ce ya ji a rediyo wai Turawa suna kama hayaƙin masana'antu su binne shi a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce, "To, Malam, mu da Allah ya hore mana faɗin ƙasa haka, me zai hana a kawo shi wajenmu a binne, a biya mu?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Ni kuwa ban ga abin dariya ba, domin tambayar tana da nauyi, kuma irinta ce hukumomi za su fuskanta nan gaba. A shekarar 2021, a taron duniya kan yanayi da aka yi a birnin Gilasgo, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin 2060 Nijeriya za ta daidaita iskar kabon da take fitarwa da wadda take kawarwa, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi. Binne iskar a cikin dutse yana ɗaya daga cikin hanyoyin da duniya ke dubawa don cika irin wannan alkawari.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda masana ke kwaikwayon wannan aiki a cikin kwamfuta kafin su haƙa rijiya ko ɗaya, sa'an nan a auna shi da irin ƙasar da muke takawa a Funtuwa da Malumfashi. Abin da nake so in tabbatar shi ne, kwamfuta ba ta san dutse ba sai abin da aka gaya mata, don haka sanin dutsen wuri shi ne farkon aikin, shi ne kuma ƙarshensa.

2.0 ISKAR DA KUMA DALILIN BINNE TA

Iskar kabon-dayoksaid, wadda za mu riƙa kira iskar kabon a taƙaice, ita ce ke fita idan an ƙona itace ko gawayi ko man fetur. Kafin zamanin masana'antu, a cikin kowane kashi miliyan ɗaya na iskar sararin duniya akwai kimanin kashi 280 nata. A 2024 ta haura kashi 420. Wannan ƙaruwa ita ce babban dalilin ɗumamar duniya.

Akwai masana'antun da ba za su iya barin fitar da ita ba ko da sun sauya makamashi. Alal misali, a masana'antar siminti irin ta Kalambaina da ke Sakkwato, gasa farar ƙasa shi kansa yana sakin iskar kabon daga jikin dutsen, ban da wadda wutar gashin ke fitarwa. Haka kuma masana'antun taki suna samar da ita da yawa wajen haɗa sinadarin amoniya, har ma da wani ɓangarenta ake yin takin yuriya da manomin masara na Funtuwa ke zubawa a gonarsa. Ga irin waɗannan masana'antu ne aka fi maganar a kama iskar, a matse ta, a tura ta ta bututu zuwa cikin ƙasa.

3.0 SHARUƊƊAN DUTSEN DA ZAI KARƁI AJIYA

Ba rami ko kogo ake nema a ƙarƙashin ƙasa ba, kamar yadda mutane da yawa ke zato. Abin da ake nema shi ne dutsen yashi, watau yashin da ya daɗe a binne har ya haɗe ya zama dutse, amma ya bar ƙananan kafofi a tsakanin ƙwayoyinsa. Kowa ya san sabon tulu yana tsatsafo. To, haka wannan dutse yake, ruwa na iya zama a jikinsa kuma yana iya ratsa shi. Sharuɗɗa huɗu ne masana ke dubawa.

Na farko, yawan kafofi. Dutsen yashi mai kyau yakan sami kafofi da suka kai kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari na girmansa. Na biyu, sauƙin ratsawa, watau kafofin su kasance a haɗe da juna, domin ɗakuna dubu marasa ƙofa ba su da amfani ga mai neman masauki. Na uku, marfi: dole a sami shimfiɗar dutsen laka mai kauri a saman dutsen yashin, wadda ba ta barin komai ya wuce. Na huɗu, zurfi. Idan zafi ya wuce digiri 31 a ma'aunin Salsiyos, matsi kuma ya wuce kimanin ninki 73 na matsin iskar da ke kanmu, iskar kabon takan shiga wani hali na daban, ta yi nauyi kamar ruwa-ruwa amma ta riƙa kutsawa kamar iska. Ana samun wannan hali daga zurfin kimanin mita 800. Tan ɗaya na iskar, wanda a doron ƙasa zai cika fiye da durom 2,500, a can ƙasa bai fi durom bakwai zuwa takwas ba. Wannan shi ne ribar zurfi.

Har ila yau, kafofin nan ba fanko suke ba. Cike suke da ruwa, kuma ana so ya kasance ruwan zartsi ne wanda ba ya shayuwa ga mutum ko dabba, ba ya kuma yin ban-ruwa.

4.0 YADDA KWAMFUTA KE KWAIKWAYON AIKIN

Manhajojin da ake wannan aiki da su daga masana'antar man fetur da binciken ruwan ƙarƙashin ƙasa suka samo asali. Daga cikinsu akwai ECLIPSE ta kamfanin SLB, da GEM ta kamfanin CMG na birnin Kalgari a Kanada, da TOUGH2 wadda aka fitar a 1991 daga ɗakin binciken Lawrence Berkeley a Amurka. Akwai kuma waɗanda ake samu kyauta, kamar OPM Flow da MRST ta cibiyar SINTEF a ƙasar Norwe. Duk da bambancinsu, tafarkinsu ɗaya ne, kuma za a iya kasa shi mataki huɗu.

4.1 Yanka dutse ɗaki-ɗaki. Mai bincike yakan zana siffar dutsen a cikin kwamfuta, ya yanyanka shi zuwa ƙananan ɗakuna a jere kamar gurabun dara, sai dai waɗannan suna da tsawo da faɗi da zurfi. Kowane ɗaki ana ba shi lambobinsa: yawan kafofi, sauƙin ratsawa, matsi, zafi, da gishirin ruwansa. Ga misali na ƙirƙira don fahimta. A ce shimfiɗar dutsen yashi ce mai tsawon kilomita 10, faɗin kilomita 10, kaurin mita 50. Idan kowane ɗaki ya zama mita 100 a tsaye, mita 100 a kwance, mita 5 a zurfi, za a sami ɗakuna 100,000.

4.2 Ƙa'idoji biyu. Ta farko ita ce ƙa'idar lissafin sito: abin da ya shiga ɗaki, a debe abin da ya fita, shi ne abin da ya ƙaru a ciki. Kowane mai ajiyar hatsi a kasuwar Funtuwa ko Dandume da wannan ƙa'ida yake rufe littafinsa. Ta biyu ita ce ƙa'idar Darcy, wani injiniya Bafaranshe da ya wallafa ta a 1856 bayan ya gwada tace ruwa ta cikin yashi a birnin Dijon. Ya nuna cewa gudun ruwa a cikin yashi yana ƙaruwa gwargwadon sauƙin ratsawa da bambancin matsi tsakanin wuri biyu. Waɗanda suka biyo bayansa sun ƙara da cewa gudun yana raguwa gwargwadon kaurin abin da ke gudana, shi ya sa ruwa ke riga zuma wucewa.

4.3 Tafiyar lokaci. Kwamfuta takan ɗora waɗannan ƙa'idoji a kan dukkan ɗakunan a lokaci guda, ta lissafa halin da kowanne zai kasance bayan kwana ɗaya ko wata ɗaya, sa'an nan ta ɗauki wannan sakamako ta mai da shi mafarin lissafi na gaba. Da haka take tafiya har ta cika shekara 30 na ɗurawa, ta kuma zarce shekaru ɗaruruwa bayan an rufe rijiya.

4.4 Karanta sakamako. Abin da akan gani shi ne, da yake iskar ta fi ruwan zartsi sauƙi, tana fita daga bakin rijiya sai ta yi sama kamar man gyaɗa a cikin ruwa, har ta tokare da marfi, sa'an nan ta bazu a ƙarƙashinsa. Daga nan hanyoyi huɗu ne ke riƙe ta. Marfi yana tare ta. Wani ɓangare yana maƙalewa ɗigo-ɗigo a cikin kafofi, kamar ruwan da ke saura a jikin auduga bayan an matse ta. Wani yana narkewa cikin ruwan zartsi kamar iskar lemon kwalba, ruwan ya ƙara nauyi ya nutse ƙasa. Wani kuma, bayan dogon zamani, yana haɗuwa da ma'adinan dutsen ya daskare. Aikin manhaja shi ne ta faɗi nawa ne kowace hanya za ta riƙe, ina iyakar bazuwar iskar, kuma yaya matsi zai hau.

Mu koma kan misalinmu. Idan kafofi kashi 20 cikin ɗari ne, shimfiɗar tana da sarari na kubik-mita biliyan ɗaya. Amma iskar ba ta iya korar ruwan duka. A ce kashi 2 cikin ɗari kaɗai ta samu, kuma kowace kubik-mita ta ɗauki kilo 700, ajiyar za ta kama tan miliyan 14. Idan kuwa wani ya sa kashi 4 a maimakon 2, nan take ajiyar ta koma tan miliyan 28, alhali dutsen bai sauya ba. A nan ne hatsarin yake: lamba ɗaya da aka yi zatonta tana iya ninka alkawari.

5.0 INDA DUTSE YA ƘARYATA LISSAFI

Gani ya kori ji. Bari mu duba wurare uku da aka gwada aikin a zahiri.

A filin iskar gas na Sleipner, a tekun da ke yamma da Norwe, kamfanin Statoil, wanda yanzu ake kira Equinor, ya fara ɗura iskar kabon a 1996 cikin shimfiɗar yashi mai suna Utsira, kusan tan miliyan ɗaya a shekara a farkon aikin. An zaci iskar za ta hau sama a dunƙule. Da aka auna ƙarƙashin ƙasa da amsa-kuwwar sauti a 1999, sai aka tarar ta rabu hawa tara, saboda wasu siraran shimfiɗun laka, masu kaurin kimanin mita ɗaya, waɗanda awon farko bai iya bin sawunsu ba. Daga baya kuma hawan da ke can sama ya miƙe arewa da saurin da ya wuce hasashen manhajoji. Iskar ba ta tsere ba, ajiyar ta tsaya lafiya, amma sai da aka yi ta gyara kwaikwayon don ya dace da abin da aka gani.

A filin Snøhvit, can arewacin Norwe, an fara ɗurawa a 2008. Matsi ya riƙa hawa fiye da yadda aka lissafa, domin dutsen ya kasance a rarrabe, ba a haɗe kamar yadda aka zata ba. A 2011 aka bar wannan shimfiɗa aka koma wata da ke samanta.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na In Salah, a tsakiyar Saharar Aljeriya, inda kamfanonin BP da Statoil da Sonatrach suka ɗura kimanin tan miliyan 3.8 tsakanin 2004 da 2011, a cikin dutsen yashi mai kaurin kimanin mita 20 a zurfin kusan mita 1,900. Dutsen ba shi da sauƙin ratsawa sosai, don haka matsi ya taru. Taurarin ɗan'adam suka nuna doron ƙasa yana kumbura da 'yan milimitoci a kowace shekara a saman rijiyoyin, kuma siffar kumburin ta nuna alamar tsaga a gindin marfin. A 2011 aka dakatar da aikin. Darasin In Salah shi ne, bai isa a kwaikwayi gudun iska kaɗai ba, sai an haɗa da lissafin ƙarfin dutsen da yadda yake miƙewa ko tsagewa idan matsi ya yi masa yawa.

A dukkan wuraren nan uku, ƙa'idar Darcy ba ta yi kuskure ba, kwamfuta ma ba ta yi ba. Abin da ya gaza shi ne bayanin dutsen da aka ba ta. Shi ya sa ƙwararru ba sa tsayawa a kan kwaikwayo ɗaya. Sukan yi ɗaruruwa da lambobi mabambanta, kuma kullum suna daidaita su da awon da ke fitowa daga rijiya.

6.0 ƘASAR FUNTUWA DA MALUMFASHI A KAN WANNAN MA'AUNI

Yanzu sai mu dawo ga tambayar ɗalibina. Kudancin Jihar Katsina yana zaune ne a kan abin da masana ke kira dutsen tushe, watau tsohon dutse mai tauri wanda sauran shimfiɗu ke hawa a kansa a wasu wurare. A nan akwai dutsen giranit, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini, wanda mafi yawansa ya samu kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, danginsa ne muke gani a Kufena ta Zariya da Kwatarkwashi. Akwai kuma dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda har masana suka laƙaba wa wani zirinsa sunan Malumfashi. Kafofin lafiyayyen giranit yawanci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Ba sai an je ɗakin bincike za a tabbatar da wannan ba. Masu haƙar rijiyar burtsatse a yankin sun san shi. Ruwan da muke samu yana zaune ne a cikin ruɓaɓɓen saman dutsen, mai kaurin 'yan mitoci gommai, da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa za a haƙa nan a sami ruwa, a matsa kaɗan a haƙa a tarar da busasshen fa. Shi ya sa kuma garin Funtuwa ya dogara da madatsun ruwa irin na Mairuwa. Idan aka jera sharuɗɗan nan huɗu, za a ga babu dutsen yashi mai zurfi, babu marfin laka, kuma sararin da ke akwai yana sama-sama ne, cike da ruwan da muke sha. Amsar tambayar ke nan: ƙasarmu ba wurin wannan ajiya ba ce.

Duk da haka, manhaja ba za ta ƙi aiki ba idan wani ya rubuta mata cewa ƙarƙashin Malumfashi akwai kafofi kashi 20 cikin ɗari. Za ta karɓa, ta lissafa, ta fito da taswira mai launi mai ban sha'awa. Wanda bai san ƙasar ba sai ya gaskata. Abin da ka shuka shi kake girba.

Ina ne, to, ya cancanci bincike? Sai wuraren da shimfiɗun yashi da laka suka taru. Mafi kusa da mu shi ne Kwarin Sakkwato, wanda ɓangare ne na babban kwarin Iullemmeden da ya ratsa Nijar har zuwa Mali. A can akwai dutsen yashi na Gundumi da Taloka da Wurno, akwai kuma dutsen laka na Dukamaje da Dange. Shimfiɗun sun karkata arewa maso yamma, suna ƙara kauri wajen iyakar Nijar. Sai dai a ɓangaren Nijeriya ba su da zurfi sosai, kuma mafi muhimmanci, yawancinsu ruwan daɗi suke ɗauke da shi, wanda birane da ƙauyuka ke sha. Akwai kuma Kwarin Cadi, da na Bida, da na Binuwai inda aka ƙaddamar da aikin man Kolmani a 2022. Amma wurin da ya fi kowanne cika sharuɗɗa shi ne Neja Delta, saboda kaurin shimfiɗunsa da kuma tarin bayanan rijiyoyi da aka samu tun gano mai a Oloibiri a 1956.

Dalilin tsanantawa a kan ruwan sha shi ne, idan iskar kabon ta sulale ta shiga ruwa takan sa shi tsami, tsamin kuma yana iya narkar da wasu ƙarafa daga jikin dutse su gurɓata rijiya. Bugu da ƙari, iskar ta fi iskar shaƙa nauyi, takan kwanta a kwari. A watan Agusta na 1986, iskar kabon da ta fashe daga Tafkin Nyos a Kamaru ta hallaka mutane kimanin 1,700. Wannan daga dutse mai aman wuta ta fito, ba daga ajiyar ɗan'adam ba, kuma ajiyar da ke cikin kafofin dutse ba ta iya fita gaba ɗaya haka. Amma ya isa ya nuna cewa ba abin wasa ba ce.

7.0 SHAWARWARI

Na ɗaya, ya kamata kwalejojin ilmi su koyar da tushen wannan fanni da kayan da ke hannunmu. Akwatin gilashi da aka jera yashin rafi da yumɓu hawa-hawa, aka cika da ruwa, aka hura iska ta ƙasa da siririn bututu, zai nuna wa ɗalibi hawan iska da aikin marfi da idonsa. Masu bincike a Jami'ar Bergen ta Norwe sun gina babban irin wannan akwati, suka sa masa suna FluidFlower, suka nemi ƙungiyoyin ƙwararru na ƙasashe dabam-dabam su yi hasashen abin da zai faru a cikinsa, kuma hasashen nasu ya sha bamban da juna. Idan haka ta faru a kan yashin da ake gani da ido, ina ga dutsen da ke zurfin mita dubu?

Na biyu, tun da akwai manhajoji na kyauta, kuma an saki bayanan Sleipner ga masu bincike, malamanmu na lissafi da kimiyya da labarin ƙasa za su iya haɗa kai su koya. Ƙa'idojin nan su ne dai ake lissafin ruwan ƙarƙashin ƙasa da su, don haka ɗalibin da ya iya su zai amfani garinsu ko da ba a taɓa binne iska a Nijeriya ba.

Na uku, a riƙa adana bayanin kowace rijiyar burtsatse da aka haƙa: zurfinta, irin dutsen da aka ratsa, da yawan ruwanta. Wannan shi ne abincin kowace manhaja, kuma shi ne muka fi sakaci da shi.

Na huɗu, duk wanda ya zo wa hukuma ko masarauta da taswirar kwamfuta, a tambaye shi abu uku: daga wace rijiya aka samo lambobin, wanne ne aka auna wanne ne aka yi zato, kuma ina ruwan shan jama'a yake a cikin taswirar.

8.0 KAMMALAWA

Wannan takarda ta bayyana sharuɗɗan dutsen ajiya, da matakan da kwamfuta ke bi wajen kwaikwayon ɗura iskar kabon, da kuma yadda Sleipner da Snøhvit da In Salah suka nuna iyakar hasashe. Ta kuma nuna cewa Funtuwa da Malumfashi, da yake a kan dutsen tushe suke, ba su cika ko ɗaya daga sharuɗɗan ba. Rabonmu a wannan fage yana saman ƙasa ne, a itatuwan gona da takin gargajiya da ke riƙe kabon a cikin ƙasar noma, da kuma a ajin da muke horar da waɗanda gobe za su zauna a teburin da ake yanke shawara. Ɗalibin nan nawa bai sami amsar da yake so ba, amma ya fita aji ya san abin da zai tambaya. Ina fata mahalarta wannan taro, musamman malamaina masana duwatsu, za su gyara inda na yi kuskure, su kuma cike inda na rage.